Babi na Bakwai: Ambaton Suna da Sakaya Shi

Duk mai rubuta kundin bincike da ya ɗauko maganar wani, akwai tambayar da ke jiransa kafin ya ɗora alƙalami: da wane suna zai kira mai maganar? In daga littafi aka ɗauko, abin mai sauƙi ne, domin marubucin da kansa ya buga sunansa a bango, kuma yana son a ambace shi. Wahalar tana tasowa ne idan mai maganar manomi ne da aka zanta da shi a gindin rumbu, ko matar aure da ta zayyana damuwarta a wani zauren WhatsApp, ko saurayin da ke sharhi a Facebook da sunan da ba na yanka ba. A nan haƙƙi biyu ne ke kan mai bincike. Akwai haƙƙin mai magana na a san shi ya faɗa, tare da haƙƙin mai karatu na ya iya bin sawun maganar ya tabbatar. Akwai kuma haƙƙin rufin asiri, kada abin da mutum ya faɗa da zuciya ɗaya ya dawo ya cuce shi. Ƙa'idojin da jami'o'i ke koyarwa a kan madogara duk ƙoƙari ne na sauke waɗannan biyun, kuma ba kullum suke saukuwa tare ba.

Al'adar ambaton suna ta daɗe a ƙasar Hausa, tun kafin boko. Almajirin da ya yi karatun hadisi ya san isnadi, wato jerin masu ruwaya daga wane zuwa wane, ya kuma san cewa malaman hadisi suna raunana ruwayar da a cikinta aka sami mutumin da ba a san ko wane ne ba. Mawaƙan ajami ma sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, har da shekarar da suka yi waƙar a cikin ramzi. Da aka kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Abdullahi Smith ya horar da ɗalibai, wannan ɗabi'a ta haɗu da ta masana tarihin boko. Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya dogara da hirarraki da dattawa tare da rubutattun takardu a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981. Har gobe kundin tarihi a Zariya ko Kano ko Katsina yakan ƙare da jerin waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, sana'a, wurin hira da ranarta. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya ce kakansa ne ya sari dajin da ya zama wata unguwa a Bakori, dole a san ko jikan wa ne kafin a auna maganarsa.

Ita ma al'adar sakaya suna 'yar gida ce. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa tana kauce wa sunan ɗanta na fari, mai ba da labarin abin kunya yakan ce "wani bawan Allah" ya wuce. Masu binciken lafiya da zamantakewa sun zo da irin tasu, kuma yankin Funtuwa da Malumfashi na daga cikin wuraren da aka fi yi wa irin wannan bincike a Arewa. A shekarun 1970 likitocin makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool da na Jami'ar Ahmadu Bello sun gudanar da dogon aiki a kan cututtukan da suka yi katutu a ƙasar Malumfashi, har da tsargiya. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan yankin yana nazarin yadda ake neman magani. Lewis Wall ya fitar da littafi a kan magungunan Hausawa a 1988 daga zaman da ya yi a can. Richard Longhurst ya auna aiki da abinci a Dayi. Paul Clough ya bi diddigin cinikin hatsi da bashi da biki a Marmara tun ƙarshen shekarun 1970, littafinsa ya fito a 2014. A tsakanin 1975 da 1980 kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya zuba wa kuɗi, ya sa ma'aikata sun riƙa shiga gidaje da takardun tambayoyi. Abubuwan da ake tambaya su ne waɗanda Bahaushe ya fi ɓoyewa: dami nawa ne a rumbu, wa ake bi bashi, wa ya jinginar da gona, wane yaro ke fitsarin jini. A rahoton likita mutum yakan koma adadi a cikin jadawali, kuma hakan shi ne daidai.

Akwai wani abu da ya kare mutanen wancan zamani wanda babu shi a yau, wato nisa. Littafin da aka buga da Turanci a Ingila ko Amurka da wuya ya dawo ƙauyen da aka rubuta shi a kai, in ma ya dawo, masu iya karanta shi kaɗan ne. Yanzu kundin da ɗalibi ya kare a Dutsin-ma ko Zariya yana iya hawa intanet cikin mako guda, ɗan maƙwabcin wanda aka yi hira da shi ya sauke shi a wayarsa. Mai bincike na yau ya kamata ya ɗauka cewa mutanen da ya rubuta a kansu, da abokan hamayyarsu, za su karanta.

Ga abin da aka ɗauko daga kafofin sada zumunta, tsarin APA, wanda yawancin sassan ilimi da zamantakewa da harsuna ke bi a Nijeriya, ya tanadi hanya a bugunsa na bakwai da ya fito a ƙarshen 2019. Ana rubuta sunan mai saƙon in an san shi, a biyo da laƙabin da yake amfani da shi a shafin, sai rana da wata da shekara, sai kalmomi ashirin na farkon saƙon a madadin take, sai sunan dandalin da adireshinsa. In ba a san sunan yanka ba, laƙabin ya wadatar, kuma a rubuta shi yadda mai shi ya rubuta. Saƙon da mai karatu ba zai iya kaiwa gare shi ba, kamar wasiƙa ko hirar waya, ana ambatonsa a cikin rubutu kawai, ba ya shiga jerin manazarta. Akwai kuma ƙa'ida ta uku da ɗalibai da yawa ke tsallakewa: maganar waɗanda aka yi binciken a kansu ba ta shiga manazarta ko kaɗan, kuma ana gabatar da ita ne ta yadda za a kiyaye sirrin da aka yi musu alkawari. Saboda haka tambayar farko ba ta salon rubutu ba ce. Tambayar ita ce, wannan mutum marubuci ne da ake dogaro da aikinsa, ko kuwa mutum ne da ake nazarin rayuwarsa?

Da yawa sukan ce ai abin da aka sa a intanet na kowa ne. Wannan hujja ta sha faɗuwa. A 2006 kamfanin AOL na Amurka ya saki bayanan abubuwan da dubban ɗaruruwan mutane suka nema a intanet, ya cire sunaye ya sa lambobi, amma cikin 'yan kwanaki jaridar New York Times ta gano wata dattijuwa daga abubuwan da ta nema kawai. A 2008 wasu masu bincike suka saki bayanan Facebook na ɗaliban wata jami'a da ba su ambata ba, nan da nan aka gane Harvard ce. Helen Nissenbaum ta yi bayanin tushen matsalar a littafinta na 2010: kowace magana tana tafe da sharuɗɗan wurin da aka yi ta, cutarwa tana zuwa ne sa'ad da aka ɗauke ta daga wurinta aka kai ta wani. Ƙungiyar masu binciken intanet ta duniya ta fitar da jagorori a 2002 da 2012 da 2019, kuma duk sun ƙi yanke hukunci guda ga kowane hali, sun bar wa mai bincike nauyin duba wa ke magana, a ina, kuma me zai same shi.

A ɗauki zauren WhatsApp na manoman masara da dillalan da ke cin kasuwar Dandume. Zaure irin wannan yana iya ɗaukar mutum sama da dubu, amma masu cikinsa ba su ɗauke shi dandalin duniya ba. Da sassafe wani zai turo farashin buhu, wani ya turo hoton ganyen da tsutsa ta cinye yana neman sunan magani, wani kuma ya yi saƙon murya na minti uku yana faɗin cewa takin da aka ba shi rance ya sayar da rabinsa ya biya kuɗin asibiti, kuma bana ba shi da abin biya. Ga mai nazarin shirin rancen manoma da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2015, wannan saƙo na ƙarshe shi ne zinariyar binciken. Ga mai shi kuwa, kuka ne ya kai wa 'yan'uwansa manoma. In ya fito a kundi da sunansa da lambar wayarsa a hoton allo, ya zama shaidar da za a iya kama shi da ita. Malamin da ya bar irin wannan hoto ya wuce a ratayen kundin ɗalibinsa bai yi aikinsa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar laƙabin intanet a matsayin mayafi. Ɗalibi yakan ce bai ambaci sunan kowa ba, laƙabi kawai ya sa. Amma wanda ya shekara biyar yana rubutu da laƙabi guda, da shi aka san shi, da shi ake yabonsa, da shi ake zaginsa, kuma duk wanda ya buga laƙabin a gurbin nema zai kai ga hotonsa. Laƙuban Hausawa ma sun fi tonon asiri, domin sukan ƙunshi garin mutum, ko sana'arsa, ko jam'iyyarsa, ko sunan ubangidansa na siyasa. Matan da ke kiran kansu Maman wane ko Ummu wance sun sa sunan ɗansu ke nan, a ƙauye kuwa wannan ya isa. Idan an yanke shawarar sakaya mutum, laƙabin ma sai an canza shi.

Amy Bruckman ta ba da shawara a 2002 cewa sakayawa hawa-hawa ce, ta kasa ta huɗu: a bar komai a fili, a sakaya sama-sama, a sakaya tsaka-tsaki, ko a sakaya gaba ɗaya. A sakayawa ta sama-sama ana iya ambaton sunan zauren a canza sunayen mutane, ko da 'yan ciki za su gane juna. A cikakkiyar sakayawa har sunan zauren ake canzawa, kuma ba a kawo magana kalma da kalma in har za a iya nemo ta. Nazarin salon barkwanci a shafin masoya ƙwallo bai buƙaci fiye da matakin sama-sama ba. Nazarin zauren mata inda ake tattauna rashin haihuwa, ko zaman kishi, ko dukan miji, ba abin da ya dace da shi sai mataki na ƙarshe.

Maganar kalma da kalma tana da wata fuska ta musamman a Hausa. Rubutun Hausa na waya ba ya bin daidaitacciyar ƙa'ida: wani yana sa x a madadin z, wani yana haɗe kalmomin da ake rabawa, wani yana cusa Turanci a wurare nasa na kansa, Bakatsine kuma karin harshensa yana fitowa a rubutunsa. Jimla guda da aka kwafo yadda take tana iya nuna mai ita kamar yadda zanen yatsa ke yi. Fassara zuwa Turanci tana rufe wannan, amma sai ɗalibi ya warware rufin da hannunsa ta hanyar sa asalin Hausar a ƙasan shafi. Hanyar da ta fi aminci a batutuwa masu hatsari ita ce a mayar da rubutun zuwa daidaitacciyar Hausa, a sauya tsarin jimlar ba tare da an taɓa ma'anarta ba, sannan a faɗa wa mai karatu cewa an yi hakan. Annette Markham ta wuce nan a wata maƙala ta 2012, inda ta halatta a haɗa maganganun mutane da dama a gina misali guda. Wannan yana da haɗarinsa, domin tsakanin gina misali da ƙirƙirar shaida taku ɗaya ne, kuma ba hanya ba ce ga ɗalibin da ke koyon aiki. Mai nazarin harshe kuwa, wanda rubutun kansa ne abin bincikensa, ba shi da damar gyara ko harafi. Abin da ya rage masa shi ne neman izini, ko zaɓen misalan da ba su da aibu. Saƙon murya ya fi duka wuya. Murya ba ta sakayuwa, don haka ana rubuta abin da aka faɗa, ba a kunna shi a ɗakin taro.

Duk wannan ya ƙara nauyi a kudancin Katsina saboda halin tsaro. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Dandume da Faskari da Sabuwa, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne toshe hanyar masu kai wa 'yan bindiga rahoto. A wurin da zargin zama infoma ke iya cin ran mutum, kuma faɗin inda ɓarayin daji ke bi ma ke iya cin ransa, sakaya suna kaɗai ba ya wadatarwa. Latanya Sweeney ta nuna a Amurka cewa lambar unguwa da ranar haihuwa da jinsi sun isa a ware mafi yawan mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. A ƙauye abin bai kai haka wuya ba. Wanda ya rubuta "wani mai unguwa, ɗan shekara sittin, mai tarakta, a wani ƙauye da ke yamma da Faskari, wanda ya biya harajin noma ga 'yan bindiga" ya ambaci suna, ko da bai rubuta shi ba. Sai a faɗaɗa bayanin: shekaru su koma rukuni, ƙauye ya koma ƙaramar hukuma, sarauta a cire ta in ba ita ce batun ba.

Doka ma tana da ta cewa. Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta wajabta amincewar wanda za a yi bincike a kansa, kuma mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ware bayanan lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi wajen gurfanar da mutane saboda abin da suka rubuta. Mai binciken da ya tattaro kalaman matasa a kan wani ɗan siyasa, ya jera su da sunaye da ranaku, ya yi wa mai neman su rabin aiki.

Sai dai sakayawa ma tana iya zama zalunci, kuma wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar wata dattijuwa a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, littafin ya fito a 1954 bayan rasuwar dattijuwar. Albarkacin sa sunan Baba ta Karo a bangon littafin, har yau ana karanta shi a matsayin muryar mace guda mai hankalinta da ra'ayinta, ba ta narke ta zama "wata Bahaushiya" ba. Marubutan da ke sakin labaransu babi-babi a WhatsApp da Wattpad, da masu waƙa, da masu barkwanci, da manomin da ya gano dabarar adana waken suya yake koya wa jama'a a bidiyo, duk masu aiki ne da suka fito don a san su. Ɗauko aikinsu a ce "wata marubuciya ta ce" ƙwace ne. Ana ambatonsu da sunan alƙalamin da suka zaɓa, kuma ba aikin mai bincike ba ne ya tono sunan yanka na wadda ta ɓoye shi, wataƙila don gudun surutun dangin miji. Masu riƙe da muƙami kuwa, gwamna ko ɗan majalisa ko kakakin hukuma, abin da suka wallafa a shafinsu na aiki ana ambatonsa da cikakken suna ba tare da neman izini ba.

Inda aka rasa tabbas, a tambayi mai maganar. Izinin mai kula da zaure yana buɗe ƙofa, amma ba ya wakiltar bakin kowa. Wanda za a ɗauko maganarsa sai an tuntuɓe shi shi kaɗai, a karanta masa abin da za a sa, a ba shi zaɓi tsakanin sunansa da laƙabinsa da sunan aro. Ga wanda ba ya karatu, amincewa ta saƙon murya ta fi sa hannu a takardar Turanci da bai san abin da ke ciki ba. Wani zai ce a sa sunansa don jin daɗin ganinsa a littafi. Idan mai bincike ya hango haɗarin da shi bai hango ba, ya bayyana masa, in kuma maganar ta shafi wasu, kamar matarsa ko wanda yake bi bashi, a sakaya su ko da shi ya yarda. Yara ba a ambaton sunansu. Sunan aro ya dace da jinsin mutum da al'adarsa, kuma kada ya zama sunan wani sananne a garin, don kada a kare Ɗanjuma a jefa Ɗanladi.

Sakaya suna ba ya ɗauke wa mai bincike nauyin hujja. Isnadin yana nan, wurin ajiyarsa ne ya canza. Ana buɗe takarda dabam wadda ke haɗa kowane sunan aro da mai shi, da ranar saƙon, da hotonsa na asali, a kulle ta da kalmar sirri, a ajiye ta nesa da kundin, kada ta zauna a wayar da ake yawo da ita kasuwa. Mai duba aikin da mai jarrabawa na waje suna iya neman gani, sauran masu karatu ba su da wannan dama. Adana hoton yana da wani amfanin, domin saƙonnin intanet suna ɓacewa: a goge su, a rufe shafi, ko waya ta lalace. Idan mutum ya goge saƙonsa kafin a buga aikin, ana ɗaukar hakan a matsayin ya janye maganarsa, sai a koma masa ko a sakaya shi gaba ɗaya, in dai ba mai muƙami ba ne da ke gudun abin da ya faɗa a bainar jama'a. A babin hanyoyin bincike kuma ana rubuta sakin layi guda da ke bayyana matakin sakayawar da aka bi, da abin da aka canza, da wanda ya ba da izini, da tsawon lokacin da za a riƙe takardar sunayen kafin a lalata ta.